Kacici-kacicin Miya

Mu da muka tashi a Kumbashi ta ƙasar Kontagora, da hanci muka koyi gane miya. Tun daga zaure mukan bambance ta kuka da ta kuɓewa, har mu san ko daddawar ta nuna. Yau kuwa 'ya'yanmu sun ƙago wasa: su rufe sunan da ke jikin kwalbar kanti, su karanto lissafin sinadaranta, su ce mu canka. Idan sukari ya rinjaya mu ce ta tumatir ce, idan mai ya mamaye lissafin mu ce Bama.

Sai dai wasan ya tona abin da harshe ke ɓoye mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ba. Dunƙulen ɗanɗano kuwa kusan rabinsa gishiri ne, muna jefa shi bibbiyu a tukunya, sannan mu yi mamakin hawan jini.

Da Turanci aka rubuta wannan lissafi, alhali yawancin masu riƙe da ludayi a ƙauyukanmu Hausa suke ji. Fassara shi hakki ne a wuyanmu.