Lahadi a Tasawa, Litinin a Mayahi

Yawancin ɗaliban Najeriya da ke karatu a Maraɗi hanya ɗaya suka sani a duk faɗin Nijar, wato wadda ta yi kudu ta bi ta Ɗan Isa, ta tsallake iyaka a Magama, ta faɗa Jibiya, sai Katsina. Tun da aka buɗe Jami'ar Maryam Abacha a 2013 garin ya cika da 'yan Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, ban da ɗaliban jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo. Da an samu ɗan hutu, kowa ya rataya jaka sai gida. Wanda aka tura Alƙahira ba ya dawowa sai da hotonsa a gaban dalar Giza, na Indiya kuma sai ya leƙa Taj Mahal. Mu da muke karatu inda ake jin Hausa, ake cin tuwo da miyar kuka, ba ma ɗaukar kanmu baƙi, saboda haka ba ma zaton akwai abin kallo. Ka ce wa abokin ɗakinka za ka Tasawa, tambayar da zai fara yi maka ita ce wa ya rasu.

Da muka yanke shawarar fita yawon buɗe ido, gabas muka zaɓa, kuma da dalili. Ƙauyukan bakin iyaka na wajen Gidan Rumji da Madarumfa sun sha fama da 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, ba wurin da ɗalibi zai je shan iska ba ne. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram kuwa ba ta rabo da motoci. Tasawa tana kanta, tafiyar kusan kilomita 120 daga Maraɗi. In ka shiga tasha bayan sallar asuba, ka yi haƙurin jiran mota ta cika, hantsi zai same ka a can. Ka riƙe fasfonka da katin makaranta a aljihun gaba, don jandarmomi ba sa gajiya da tambaya, kuma Hausarka ba za ta ɓoye daga inda ka fito ba.

Abin da ya fara kama mini ido itatuwa ne. Daga Cadawa zuwa Agye har Gazawa, gonaki ne shimfiɗe, an gama girbi, karan hatsi ya kwanta, amma kowace gona da itatuwanta a tsaye: gawo, kalgo, aduwa, magarya, sabara. Gawo ne sarkinsu. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ba dasa waɗannan itatuwa aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970 ƙasar nan ta kusa zama fili fetal, domin manomi yana sassabe ya tuge duk wani tsiro, ga kuma dokar gandun daji da ta sa itace ya zama na gwamnati, wanda ya bar shi a gonarsa ya jawo wa kansa tara ranar da ya sare reshe. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke tohowa a gonaki saiwoyinsu na da rai, abin da suke so kawai a rage musu rassa a bar mafi ƙarfi su tashi. Manoma suka kama abin, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci, hukuma kuma ta sassauta. Yau masu bincike suna ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sassabin zamani suke ce masa. Ina kallo ta tagar mota ina tuna gangamin dashen itacen da ake yi a wajenmu duk shekara, a zo da jiniya, a ɗauki hoto, a watse, kafin wata ya zagayo awaki sun gama da shukar.

Lahadi kasuwar Tasawa take ci. Amalanken shanu da na jakuna ne ke fara shigowa, sannan manyan motocin 'yan kasuwa masu neman wake da aya da riɗi, waɗanda kaso mai yawa kudu za su, wato wajenmu. Ayar da ake markaɗawa a yi kunu a Kano, da yawanta daga wannan yashi ta fito. A karar dabbobi na daɗe. Jar akuyar da duniya ta sani da sunan Maraɗi ko Sakkwato, masana kiwo sun ce a ƙasar Tasawa aka fi samun tsantsarta: ja wur, gajeren gashi mai sheƙi, ga yawan haihuwar tagwaye. Fatarta ce ayari ke ɗauka a da ya ƙetare Sahara, Turawa su saya a hannun 'yan Maroko su laƙaba mata sunan ƙasarsu. Wani dillali ya gan mu tsaye muna kallo ba ma taya komai, ya ce, "Samari, saye za ku yi ko kuwa ido kuka zo bai wa abinci?" Muka ce na biyun ne, Baba. Ya yi dariya, ya kama wata ya buɗe mata baki yana nuna mana yadda ake gane shekaru ta haƙori.

Kilishin garin ba sai na yi dogon bayani ba. Ka sayi na safe ka ci a wurin, ka sayi na tsaraba da yamma, kuma kada ka yarda ka buɗe shi a cikin mota.

Wanda ya ga Tasawa yau zai ɗauke ta matsayin zango tsakanin Maraɗi da Damagaram, inda direba ke tsayawa a yi salla a sha shayi. Tarihinta ya fi haka nauyi. Gari ne na Tazarawa, tsohon yanki na ƙasar Katsina. Da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, sarautar Haɓe ta yi arewa, daga baya ta kafu a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Mu a makaranta labarin waɗanda suka ci yaƙin aka koya mana. A nan jikokin waɗanda suka ƙi miƙa wuya kake zaune da su, kuma yadda suke ba da labarin daban ne. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa bayan ya biyo ayarin gishirin Abzinawa. Ita ce babbar alƙaryar ƙasar Hausa ta farko da ya fara gani, daga nan ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina da Kano. A ƙarshen ƙarnin, da rigimar sarauta ta raba Sarki Mijinyawa da Maraɗi, Tasawa ya koma. Faransawa ma a nan suka ajiye kumandan mai mulkin yankin, sai a 1927 suka mayar da mazaunin Maraɗi. Wato akwai lokacin da Maraɗi ce ke zuwa Tasawa kai gaisuwa.

Ba allon da zai gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba ɗan jagora mai tikiti. Dattawan ƙofar fada da na gindin bishiya su ne gidan tarihin. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka yi gaisuwa har ta ƙare, kada ka gaggauta ta, sannan ka faɗi abin da ke tafe da kai. Mai waya a hannu yana neman abin ɗauka cikin minti biyar zai koma ya ce ba komai a garin.

Bayan azahar muka ɗauki kabu-kabu zuwa Maijirgi, gaba kaɗan a kan hanyar Damagaram. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke. Sojojin Faransa ne, masu muƙamin kyaftin, da aka ba rundunar da za ta kai tutar ƙasarsu Tafkin Cadi. Tun daga bakin Kwara a farkon 1899 suke tafe suna ƙone garuruwa, suna kwashe hatsi da dabbobi, suna kama mutane ɗaukar kaya. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, sun yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu, suka zo suka maimaita a Koran Kalgo, inda mata da yara suka fi yawa cikin waɗanda aka kashe. Da labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Bai sha wahalar neman su ba, toka da gawawwaki ya bi. Ranar 14 ga Yuli 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori kusa da Tasawa, sannan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, daular kansa zai kafa. Ba a yi kwana uku ba sojojinsa baƙaƙe suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma washegari. Ragowar rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka yi ɓarnar an san inda aka ce sun kwanta, an san sunansu da ranar mutuwarsu, har ana ba da labarin cewa wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa an tone kaburburan a 1923 aka tarar ba kowa a ciki. Dubban da suka kashe kuwa sai a bakin jikokinsu. Wanda ya kalli fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya ga wasu daga cikin jikokin nan suna magana. Zama kusa da mai irin wannan labari, yana nuna maka gabas da sanda yana cewa ta can suka ɓullo, wani abu ne dabam. Kano ta faɗa hannun Ingilishi a 1903, mun haddace wannan. Abin da aka yi wa Hausawa 'yan'uwanmu shekara huɗu kafin nan, tafiyar yini ɗaya a mota daga Ƙofar Mazugal, ban taɓa jin sa a aji ba.

Mayahi sai an saci jiki, don kasuwarta Litinin ce, ranar karatu. A Cadawa ake barin babbar hanya a yi arewa, a wuce Sarkin Hausa. Ƙasar tana ƙara yashi, rumbuna suna ƙara yawa a bakin ƙauyuka, raƙuma suna fara bayyana. Gundumar Mayahi da ta Tasawa kowacce ta haura mutum rabin miliyan a ƙidayar 2012, kuma kusan duk da noman damina ɗaya suka dogara. Shi ya sa yunwar 2005 ta yi wa jihar nan mugun kamu, shi ya sa kuma da an gama girbi samari ke fita cin rani.

Garin yana bakin Gulbin Kaba. Kada ka je da niyyar ganin ruwa, tsohon kwari ne da ya daina gudu, sai dai ruwansa na ƙasa bai yi nisa ba, abin da ya sa goruba ta cika shi. Daga ita ake samun kusan komai: a ci 'ya'yan, a yi azara da gangar, a yanki kaba a saƙa tabarma da faifai da igiya da kwando. Mata ne ƙashin bayan sana'ar. A kasuwa za ka ga tabarmi an naɗe su an jingine kamar dammunan hatsi, farare da masu rini, 'yan sari suna lodi. Matsalar a fili take ga mai ido: in aka yi ta yankar kaba tun tana ƙasa, ba za ta taɓa tashi ta zama goruba ba, kuma akwai wuraren da za ka ga kaba ta mamaye fili amma manyan itatuwan tsofaffi ne kawai, ba matasa a bayansu. Ga manoma na son faɗaɗa gona cikin kwarin, ga Fulani da Buzaye na son burtali da makiyaya.

A nan na fi jin kunyar yadda muke kallon mutanen ƙasar nan. A Kano in an ce ɗan Nijar, mai gadi ko mai shayi ko ɗan ga-ruwa ke zuwa zuciyar mutane. A Mayahi kusan duk wanda muka gaisa da shi ya san Kano fiye da yadda muka san Maraɗi. Wani ya yi dako a Dawanau, wani ya yi shekaru a Legas, wani ya yi almajirci a Zariya. Suna tambayar farashin buhun wake a wajenmu, suna tambayar labarin layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, suna kuma tuna wahalar da suka sha da aka rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Na tsaya wurin wata dattijuwa na taya tabarma biyu. Da muka daidaita na ga sefar da ke hannuna ba za ta kai ni gida ba, sai na ce, "Inna, ko za ki karɓi naira?" A da ba a ma tambaya, naira tana yawo a kasuwannin nan kamar a gida. Amma tun da ta faɗi, har jikar sefa ɗaya ta haura naira 2,000 a 2024, an daina yi mata wannan maraba. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ga ɗan canji can gindin bedi, je ka dawo, tabarmarka ba inda za ta." Na je na canzo, ta ƙara mini faifai ɗaya gyara, muka yi sauri tasha don motocin Maraɗi ba sa kaiwa magariba.