An Buɗe Rijiya, Saura Guga

'Yar uwa, duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Kakanninmu sun ce wani maciji mai suna Sarki ya tare ta, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya tafi da dare ya sare kan macijin. Mutanen gari suna ta barcinsu, gari ya waye an gama aiki.

Ni Kirista ce, kuma in na ji ana wa'azin alheri a coci, wannan labari ke faɗo mini a rai. Misali ne kawai, amma ya yi daidai. Almasihu ya gama aikin cetonmu ba mu sa hannu ba, ba mu biya ko kwabo ba. To amma ki duba matar da aka ce mata maciji ya mutu, ta yi guɗa, sannan ta koma ɗaki tana jiran Juma'a, randarta a bushe. Me labarin ya amfana mata?

Haka da yawanmu muke. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, mun ji kira da harshenmu. Muna zuwa taron Zumuntar Mata, mu ɗaura zane iri ɗaya, mu buga tulu mu yi waƙa. Amma a gida fa? Wata shekararta biyu tana gaba da facalarta. Wata mudun sayenta daban, na sayarwa daban. Wata ta kwashe adashi ta daina zubi. Kina yi mata magana sai ta ce ai hali zanen dutse ne.

Ni dai ban yarda ba. Ki buɗe Yohanna sura 4 ki ga Basamariyar nan da ta zo rijiyar Yakubu da tsakar rana. Mazanta biyar a baya, wanda take tare da shi kuma ba mijinta ba ne. Yesu bai jira ta gyara ba kafin ya yi mata magana, kin ga alheri ke nan. Ita kuma ba ta ce sai gobe ba. Nan take ta bar tulunta, ta shiga gari tana kiran mutane su zo su gan shi.

Ba da gyaran hali muke sayen alheri ba, alherin ne ke ba mu ƙarfin gyarawa. Saboda haka kada ki ɗauko duka lokaci guda. Zaɓi abu ɗaya yau. In gaba ce, ki riga yin gaisuwa, ko da ba a amsa ba. In mudu ne, ki cika shi, ko ribar za ta ragu. Da nauyi kam, don za a ce kin ji tsoro, wasu har dariya za su yi miki. Ki daure, yaranki suna kallo, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka.

Ubangiji ya ba mu zuciyar amsa kira tun da sauran lokaci. Amin.