A Fara Da Littafin Adashi Kafin A Kai Ga Titanic

Yawancin darussan Python na masu farawa tafiyarsu ɗaya ce. A shafe makonni ana haddace ƙa'idojin rubutu, sannan a miƙo maka jerin fasinjojin jirgin ruwan Titanic da ya nutse a 1912, a ce ka yi hasashen waɗanda suka tsira. Kafin a kai nan, ɗalibai da dama sun riga sun sare.

Ina karatun digiri na biyu a Riyad, kuma duk Asabar nakan koyar da wasu 'yan matan Hausawa a unguwar Jaradiya. A nan aka haifi yawancinsu. Hausa suke yi a gida, Larabci a makaranta, Turanci kuwa sai a hankali. Sun san cewa tun da Saudiyya ta kafa hukumar SDAIA a 2019 ake ta maganar nazarin bayanai, kuma suna son a dama da su.

Darasinmu na farko littafin adashi ne, wanda ɗayansu ta aro daga mahaifiyarta, muka sauya sunayen ciki. Wani zubin an rubuta shi da kwanan watan Hijira, wani da na Miladiyya. Mace ɗaya ta fito sau uku: Hauwa, Hauwa'u, Hawwa. Da muka ɗora shi a pandas, sai kwamfuta ta ƙirga ta mutum uku, jimillar riyal ta ƙi daidaita. Ba sai na yi dogon bayani kan tsaftace bayanai ba, domin kowacce ta san rigimar da ke tashi idan kuɗin adashi ya yi giɓi.

Haka nake yi da jan rubutun da ke fitowa idan aiki ya ƙi. Da gangan nake ɓata layi, mu karanta saƙon tun daga ƙasa, inda Python ke faɗar abin da ya faru. Umarnin yana nan da Turancinsa, amma bayanin da Hausa nake yi.

Ɗalibanmu da ke ƙetare, in za ku koyar da ƙannenku, ku tambaye su wane lissafi ne ke damun gidansu: kuɗin haya, cinikin shago, ko abin da ake turawa gida. Daga nan za ku ɗauko darasin farko.