Wasan da Ya Rayu Mako Biyu

Ranar 23 ga Agustan 2024 kamfanin Sony ya fitar da wasan bidiyo mai suna Concord. Ranar 6 ga Satumba ya janye shi, ya mayar wa masu saye kuɗinsu, daga baya kuma ya rufe Firewalk, reshen da ya ƙera shi. Wasan yana da kyan gani, yana kuma aiki daidai. Illarsa ita ce ya zo da abin da Overwatch ya kawo tun 2016, sannan ya nemi dala 40 a fagen da ake buga takwarorinsa kyauta. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na daɗe ina juya wannan lamari a raina, kuma a ganina tsoro ne tushensa, tsoron da yawan kuɗi ke haifarwa. Takardun da suka bayyana a shari'ar Microsoft da hukumar kasuwanci ta Amurka a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220. Wanda zai zuba irin wannan dukiya, ya biya albashin ɗaruruwan ma'aikata shekara biyar ko shida, da wuya ya yarda a gwada abin da ba a taɓa gwadawa ba. Sai ya dubi abin da ya samu karɓuwa bara, ya ce a yi masa irinsa. Kafin a kammala, kasuwar ta watse.

Ni kaina ina jin wannan a yatsuna. Nakan buɗe sabon wasa in tarar hannuna ya riga ya haddace shi: faffaɗar taswira cike da alamomi, hasumiyar da za a hau, sansanin da za a tarwatsa. Ana iya ƙirga gashin girar jarumi, abin burgewa ne, amma bayan wata guda nakan manta sunansa.

Tetris kuwa, Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, da siffofi bakwai kacal masu faɗowa. Dokarsa ba ta wuce jimla ɗaya ba, amma zurfinta ya ƙi ƙarewa. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ya buga samfurin Nintendo na 1989 har na'urar ta cije, abin da ba a san wani ɗan Adam ya taɓa yi ba. An ɗauki shekara 34 ana koyon sababbin hanyoyin riƙe madannai kafin a kai nan.