Ƙwallon lambu da lambun da muke ci

Akwai wani wasa na masu hannu da shuni da ake kira golf, wasu kuma suna ce masa ƙwallon lambu. Mutum zai riƙe sanda mai lanƙwasasshen baki, ya bugi ƴar ƙwallo kamar ƙwan zabo, ya bi ta da ƙafa har ya jefa ta cikin ɗan rami, daga nan ya nufi rami na gaba, har ramu 18. Filin wasan yakan kai hekta 50 ko 60, kuma a ƙasashen da suka ɗauke shi da muhimmanci ciyawarsa kore ce shar, rani da damina. Ni kuwa mutumin Alakos ne, cikin gundumar Gure, ƙasar da ke tsakanin Kutus da Damargu, inda ruwan sama na shekara ba kasafai yake wuce milimita 300 ba. Mai karatu zai ce: me ya haɗa kifi da kaska? Ruwa ne ya haɗa su, da kuma abin da kowannensu ke yi ranar da kayan ban ruwansa suka tsufa.

Mu fara da nasu. Ƙarƙashin waccan ciyawa mai ƙayatarwa akwai wani gari guda na bututu. Akan haƙa tabki a gefe don tara ruwa, a gina ɗakin injuna a bakinsa, a binne manyan bututu su zagaye filin, ƙanana su yi rassa daga jikinsu, a ƙarshen kowane reshe kuma a dasa bakin feshi mai ɗagowa daga ƙasa in an kunna, ya koma in an kashe. Babban fili yakan ƙunshi irin waɗannan bakuna fiye da 1.000, kuma a yau kwamfuta ɗaya ce ke ba kowannensu umurni: wannan ya yi minti biyar, wancan ya yi minti goma, na ƙarƙashin inuwa ya huta. Da dare ake shayarwa, lokacin da iska ta kwanta, rana kuma ba ta shan rabonta.

Amma duk tsadar waɗannan kaya, shekarunsu ƙidayayyu ne. Bayan shekara 20 zuwa 25 bututu ya fara tsagewa a mahaɗa, wayoyi su ruɓe, bakin feshi ya dinga ba wani gefe ruwa fiye da kima ya bar wani gefe da ƙishi. Daga nan gyara ya zama ɗinkin tsumma, ka toshe nan, can ta ɓalle. Sai a yanke shawarar tone tsohon gaba ɗaya a sa sabo. A Amurka irin wannan aiki yakan ci dalar Amurka miliyan 2 ko fiye, wato sama da sefa miliyar 1, a fili guda.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke shirya wa ranar. A kulob ɗin da ke da tsari, tun shekarar da aka binne bututun farko akawu ya rubuta shekarar da za a tone shi, ya raba kuɗin a kan shekarun, kowane mamba yana zuba rabonsa cikin wani asusu da ba a taɓawa don biki ko walima. In lokaci ya yi kuma, ba sa gaggawar sayen irin na da. Sai sun auna ƙarfin ruwa, sun jera ƴan kofuna a ciyawa sun ga inda feshi ke sauka da inda ba ya kaiwa, sun zana taswirar filin, sun tambayi kansu wane gefe ne ma ba ya bukatar ruwa. Aikin ma rami-rami ake yinsa, don kada wasa ya tsaya. Da irin wannan awo, da rage faɗin wurin da ake shayarwa, da rufe wasu filaye, ruwan da filayen golf na Amurka ke sha ya ragu da kusan kashi 29 cikin 100 tsakanin 2005 da 2020. Duk da haka abin da suka sha a 2020 ya kai kimanin mita kubik miliyar 2.

Kada a ɗauka ina sha'awar a kawo mana irin wannan fili. Lissafi kaɗan ya isa. A watan Afrilu na ƙasarmu ciyawa tana bukatar kamar milimita 8 na ruwa a yini, wato mita kubik 80 a kowace hekta. In hekta 30 kawai aka shayar, an zubar da lita miliyan 2 da dubu 400 kullum. A ma'aunin lita 20 ga kowane mutum, wanda ake aiki da shi a karkara, ruwan mutum 120.000 ke nan. Ko a Faransa abin ya taɓa jawo rigima: a farin 2022, da aka hana talakawa shayar da lambunansu aka bar masu golf suna jiƙa bakin ramukansu, wasu matasa sun shiga filaye kusa da birnin Tuluz cikin watan Agusta suka cike ramukan da siminti.

Turawan da suka kawo wasan ƙasar Hausa ma sun gane daidai ruwa daidai tsaki. A filin Kano shekaru da dama babu ciyawa a bakin rami. Yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai, a daddaɓe, a share da tabarma bayan kowane ɗan wasa. Haka aka yi filin Rio Bravo da ke bakin kogi a hanyar Tilaberi daga Yamai, inda ɗan wasa kan yi yawo da ɗan guntun ciyawar roba ya aza ƙwallonsa a kai. Abuja mai yawan ruwan sama ita ce ta samu babban fili mai ciyawa a 1991. Kowa ya duba rijiyarsa kafin ya yanka igiya.

To, mu dawo gida. A ƙasar Alakos na san rijiyoyin da igiyarsu ke kai gaba 20 zuwa 30, inda sa ko raƙumi ke jan wasaki tun asuba, mutane da dabbobi suna jiran layi. Noman rani ba ya yiwuwa sai a ƴan fadamu, inda ruwa ke kusa bayan damina. A ɗaya daga cikinsu akwai wata garka ta matan gari, ciki har da gwaggona, wadda a tsawon rayuwata na ga an sake mata hanyar ban ruwa har sau uku.

Da fari guga ne da tulu. Bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kiran kowa ya shiga noman rani, aka kewaye wurin da ƙaya, aka raba irin kabeji da salati da tumatir. Aiki ne mai karya ƙugu, amma in igiya ta tsinke kowace mace ta san yadda ake ƙulla ta. Daga baya wata ƙungiyar agaji ta kawo injin ban ruwa da tiyo. Aka yi kiɗa, aka yi jawabi, aka ninka faɗin garkar. Injin ya yi shekara uku yana aiki. Da ya fara tari sai ga karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, kuɗin kayan gyara ya ninka, mai gyaran kuma sai an je Damagaram. Aka jingine shi a gindin aduwa, kaji suka mai da shi akurki. Garkar da aka faɗaɗa don inji ta fi ƙarfin guga, sai rabinta ya koma saura. Shekaru suka shuɗe, wata ƙungiyar ta zo da famfo mai aiki da hasken rana da tanki a bisa ƙarafa. Aka sake kiɗa, aka sake jawabi. Allunan suna nan lafiya har yau suna kallon sama, amma ƴar na'urar da ke tsakaninsu da famfon ta ƙone, kuma da aka buɗe akwatin kwamiti ba a tarar da abin da zai sayi wata ba.

Na tambayi gwaggona abin da za su yi. Ta ce: "Ɗana, muna jiran Allah ya kawo wasu." Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya zo ya koya musu yadda ake kunnawa, babu wanda ya zauna da su ya ce: wannan abu zai mutu a shekara kaza, kuɗin magajinsa kaza ne, ga rabon kowa. An ba su inji kamar yadda ake ba da kyautar riga, alhali kuwa inji bashi ne da ake biya kaɗan-kaɗan tun ranar da aka kunna shi.

Wannan ba ciwon ƙauye ɗaya ba ne. An kafa ofishin ONAHA a 1978 don kula da manyan gonakin ban ruwa na gwamnati irin na Birnin Ƙonni da Galmi da Jiratawa ta Maraɗi. Taron da aka yi a Damagaram a 1982 ya ce a miƙa ragamar su ga ƙungiyoyin manoma, kuma cikin kuɗin ruwan da kowane manomi ke biya bayan girbi an ware kason tsufan injuna. A takarda tsarin ba shi da aibu. Amma kowa ya san yadda aka sha cinye wannan kaso wajen sayen taki ko biyan kuɗin lantarki, har ranar da inji ya tsaya a koma neman mai ba da agaji ya zo ya farfaɗo da wurin. Haka ma a fannin ruwan sha: tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da dokar ruwa ta 2010, famfunan karkara suka koma hannun ƙananan hukumomi, kuma cikin kuɗin kowace jarka akwai kason da ya kamata ya shiga asusun sabuntawa da faɗaɗawa, wanda ma'aikata ke kira FRE. Mutum nawa ne a Garazu, ko a kowane babban gari na ƙaramar hukuma, ya taɓa jin an karanta masa abin da ke cikin wannan asusu?

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan karatu. Alhajin da ya sayi babbar mota yana jigila tsakanin Damagaram da Difa ya san cewa ba duk abin da direba ya kawo ne riba ba. Akwai na mai, akwai na taya, akwai kuma na motar da za ta gaji wannan. Wanda ya cinye na ukun shekara biyar yana alhaji mai mota, a ta shida ya koma ɗan kamasho a tasha. Mu ɗauki lissafin mu aza a garka. A ce inji jika 150 ne, kuma shekara uku zai yi. Jika 50 ke nan a shekara. In mata 25 ne, kowace jika 2 a shekara, abin da bai kai dala 40 a wata ba. Matan da ke riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da an ci ko tamma ba, ba wannan ne zai gagare su ba. Abin da ya rage a faɗa musu tun ranar farko, a kuma ajiye kuɗin inda hannu ɗaya ba ya iya fitar da su.

Darasi na biyu shi ne awo kafin saye. Famfon hasken rana ba ya shan mai, shi ya sa ake barinsa yana zuba tun hantsi har la'asar, kamar ruwan ƙasa ba shi da iyaka. A kwaruruwan kudancin Gure, wajen Gidimuni da Gidigir, inda dabino da rake da rogo ke rayuwa da ruwan da ke kusa da ƙasa, manoma sun san abin da ke faruwa in ruwa ya ja baya: kanwa ta hau, rairayi ya matso. A Alakos da ruwan ya fi wuya, hatsarin ya fi girma. Kafin a sayi famfo ya kamata a san abin da rijiya ke iya bayarwa a watan Mayu, lokacin da ta fi ƙafewa, a yanka garka daidai da shi. Sau da yawa bututun roba da aka binne ya kai ruwa bakin kowane fangali, yadda ba zai tsiyaye a hanya ba, ya fi babban inji amfani. Ban ruwa na ɗigo, irin wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa a shekarun 2000, yana tsimin ruwa ƙwarai, amma ramukansa suna toshewa in ba a wanke matacin kullum, tiyonsa kuma ƴan shekaru kaɗan yake yi. Shi ma yana da ranarsa da ya kamata a rubuta. Kuma duk abin da za a sa, a bar tsohuwar rijiya da gugarta a gefe, kamar yadda masu golf ba sa tone filinsu duka a rana ɗaya.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori biyu na masu karanta wannan shafi. Ku ma'aikata, musamman na aikin gona da na ruwa da na ƙananan hukumomi, kada ku sa hannu a takardar karɓar wani aiki sai kun ga abu uku a rubuce: shekarar da kowane ƙarfe zai ƙare, kuɗin da za a tara kowane wata, da sunan makanikin da zai iya isowa cikin yini ɗaya. A kuma riƙa karanta abin da ke cikin asusun a bainar jama'a, ranar kasuwa, sau biyu a shekara. Ku kuma ƴan kasuwa, wanda ya sayar da famfo ya ajiye kayan gyaransa a kanti. Ribar kayan gyara ƙarama ce, amma tana zuwa kowace shekara, kuma ita ce ke sa manomi ya dawo wurinka ranar da zai sayi sabo.

Masu ƙwallon lambu suna yin duk wannan tanadi saboda ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci. Mu namu lambun shi ne miyar yara a watannin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne kuma abin da ke hana samari tafiya ci-rani Libiya ko Aljeriya. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu shugabannin da ke tuna gobe.