Zogale a Akurkin Dodon Koɗi

Dodon koɗi ma yanzu yana da mai haɗa masa abinci. A Kudu ake kiwonsa, wajen Ibadan da Abekuta da Benin, har zuwa Gana. Babban nan ne mai cika tafin hannu. Da can a daji ake tsintarsa idan damina ta sauka. Daji ya ja baya, masu ci suka ƙaru, sai aka gina masa akurki.

A daji ganye yake ci da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. A akurki ana son ya girma da wuri, sai aka koma ba shi gari irin na kaji, masara da waken suya da dusa. Masara ta yi tsada, ga mutane da kaji suna jiranta. To ga shi an dawo wa ganyen, amma busasshe, dakakke, kuma a kan awo. Akwai zogale da ganyen gwanda da shuwaka, wani lokaci a barbaɗa garin citta ko tafarnuwa. Jami'o'in Kudu sun daɗe suna gwada waɗannan.

Zogalen nan dai shi ne wanda muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Busasshen ganyensa kusan kashi 25 cikin 100 sinadarin gina jiki ne, shi ya sa yake rage wa mai kiwo kuɗin waken suya. Amma yana da iyaka. In ganye mai ɗaci ya yi yawa, dodon sai ya rage ci, ya janye cikin koɗinsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuzuta ganyen har a manta da koɗin. Da kalsiyam ake gina shi, daga ɓawon ƙwai ko garin ƙashi. In babu su, koɗi zai fito sakayau, ya fashe a hannun mai ɗauka, ko da zogale nawa aka zuba. Gishiri kuwa kisa ne, don yana tsotse ruwan jikinsa. Wanda ya kwaso abincin kaji bai duba ko da gishiri a ciki ba, shi ke asara.

Da yamma ake zuba masa, domin da dare yake kiwo. Da safe a kwashe ragowar kafin ta yi fumfuna ta jawo kwarkwasa. In hunturu ya busa aka bar ƙasar akurki ta bushe, sai ya toshe bakin koɗinsa da wata farar fata, ya daina cin komai.