Ni da Akwalata a Shisha

Waɗanda suka zo Hajji ko Umara suka biyo ta wurina a Shisha sun ga wata mota lulluɓe da tamfol a harabar gidan da muke haya. Wasu sun tambaya, wasu sun ɗaga tamfol ɗin sun yi dariya sun wuce. Yau dai zan ba ku labarinta, musamman ku da kuka rubuto kuna cewa kuna sha'awar irin wannan aiki amma aljihu ba nauyi.

Motar Datsun 280ZX ce, ƙirar 1982. Kamfanin Nissan na Japan ya yi irinta daga 1978 zuwa 1983, kuma zuriyar 240Z ce, wadda ta fito a 1969. Dogon hanci gare ta, gajeren baya, kujera biyu tak, da inji mai silinda shida a jere da ake kira L28, lita 2.8. A ƙarshen 2021 na fara lura da ita a wani lungu a hanyata ta zuwa masallaci. Tayoyi huɗu duk sun kwanta, kyanwoyi sun mai da ita gida, ga takardar gargaɗin baladiya manne a gilashi, alamar an kusa zuwa a ɗauke ta.

Mai ita wani dattijo ne, Bahaushen Makka, irin waɗanda kakanninsu suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan. Na ce masa, “Baba, yaya aka yi tsatsa ta ci mota haka a garin da ba damina?” Ya ce ai tana Jidda wurin ɗansa lokacin ambaliyar Nuwamban 2009, ruwa ya shige ta har kujeru. Aka dawo da ita Makka, tun daga nan ba ta ƙara lafiya ba. Muka daidaita a kan riyal 4,000.

Da na faɗa wa uwargida, sai da ta gama zuba shayi sannan ta ce, “Malam, mu shida ne a gidan nan, ka sayo mota mai kujera biyu. Sauran huɗun a but za mu zauna?”

Kuma fa tana da gaskiya. Ku da ke zaune a nan kun san kuɗin da ake biya wa iyali tun Yulin 2017: ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Ni mai mutum biyar a ƙarƙashin igamata, riyal 2,000 ke nan duk wata, kafin haya, kafin cefane, kafin abin da nake aika wa Hajiya a Kano. Gidaje nawa muka sani da suka mayar da iyali gida saboda wannan kuɗi? Mutumin da ke cikin wannan hali ya kwaso akwala, ai dole a tambaye shi ko lafiya.

To bari in faɗa muku abin da ban iya faɗa mata ba a ranar. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bakanike ne a wajajen Ƙofar Ruwa, gwanin Peugeot 504. Na taso ina miƙa masa sifana, amma ina jin kunyar baƙin man da ke farcensa, na gudu na yi boko. Ga kuma babban ɗana, haifaffen Makka. Larabci yake ji kamar Balarabe, Hausarsa kuwa ba ta wuce gaisuwa da “na'am” ba. Mun riga mun yanke shawara in ya gama sakandare Kano zai tafi karatu. Saura shekara ɗaya da rabi, kuma in muka zauna ni da shi, bayan “ka yi salla?” ba mu da ta cewa. Na ga zan tura yaro garin kakansa bai san komai na kakan ba.

Muka yi yarjejeniya da uwargida: ba zan taɓa kuɗin gida ba, ba zan taɓa na Hajiya ba. Riyal 300 a wata, daga barin cin abincin rana a waje da rage yawon tasi. Watan da kuɗin ya ƙare, aiki ya tsaya sai wani wata.

Kai mai sha'awar irin wannan aiki, fara da takardu kafin ka taɓa ƙarfe. A ƙasar nan ba a mayar da istimara zuwa sunanka sai mota ta ci fahas, ga inshora, ita kuwa matacciyar mota ba ta zuwa fahas. Ma'ana za ka yi ta zuba kuɗi a motar da ke ɗauke da sunan wani. Ni da dattijon mun rubuta takarda a gaban shaidu biyu daga masallacinmu. Duk da haka, duk ranar da na ji ba ya jin daɗi sai gabana ya faɗi, in yi masa addu'a, in kuma ji kunyar kaina don na san addu'ar tawa ba ta rasa son zuciya.

Na biyu, kada ka yi saurin sa batir ka murɗa makulli. Injin da ya shekara goma a kwance a bushe yake. Mun cire filogi shidan, muka ɗiga mai a kowane rami, muka bar shi mako guda, sannan muka juya injin da hannu da babbar sifana. Da ya juya, yaron ya dube ni, na dube shi. Sai muka sauke tanki. Tsohon fetur ya daskare ya zama kamar ƙaro, warinsa har cikin ɗaki. Aka wanke tanki, muka canza duk robobin mai, domin wannan motar ba kafireta gare ta ba, famfo ne ke tura man da ƙarfi, tsohuwar roba in ta tsage a kan inji mai zafi, gobara ce.

Sai uwa uba, tsatsa. Kayan binciken ba su da tsada: sukundireba da mayen ƙarfe. Duk inda ka soka ya burma, ya mutu. Duk inda mayen ƙarfe ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cusa fila a wurin. A irin wannan mota, duba daɓen ƙarƙashin ƙafa, da mazaunin batir, da gindin ƙofofi, da bakin murfin baya. Tawa, daɓen gefen direba, ana hango ƙasa ta cikinsa.

A nan na tafka kuskuren da ya ci mini kuɗin wata biyu. Don gudun kuɗin walda, na kankare gindin ƙofa sama-sama na shafe da fila, ya yi sumul gwanin sha'awa. Kafin wata huɗu wurin ya kumbura kamar ƙurji. Araha ba ta ado. Tsatsa sai an yanke ta har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon falle daidai wurin a liƙa. Na samo wani Bapakistane mai walda, yana zuwa ranar Juma'a bayan la'asar. Shi ya nuna mana yadda ake ɗiga walda nan da can, a bari ya huce, don siririn ƙarfe in ya sha zafi wuri guda sai ya lanƙwashe. Kafin ya kunna wuta, tanki na waje, batir a cire, darduma da soson ƙasa duk a kwashe, bokitin ruwa a kusa. Duk inda aka gama, a shafa fentin ƙasa a ranar, kada a kwana. Kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. Sayi ƙafafun ƙarfe, ba su kai kuɗin asibiti ba.

Ƙananan notuna da kusoshi kuwa ba mu saya ba. Ruwan khal na girki muke jiƙa su a ciki kwana biyu, mu goge da burushin waya, mu ɗauraye, mu shafa mai. Manyan kaya sai tashlih, wato inda ake farke matattun motoci, irin Panteka ta Kaduna. Mun fi zuwa na Buraiman a Jidda. Abin da ya taimake mu shi ne Nissan ta sa wannan inji na L28 a tsofaffin Patrol da Cedric, don haka wasu kayan injin ana samu ba sai an yi odar waje ba. Je da tsohon a hannunka ka gwada, kada ka yarda da “ai duk ɗaya ne”.

Zama a Shisha ma da nasa. Da zafi ya shigo, rana takan haura digiri 45, ƙarfe ba ya taɓuwa, sai bayan asuba ko bayan isha'i muke aiki. Kun kuma san unguwar a bakin Mina take, da ƙafa ake zuwa Jamarat. Da Hajjin 2022 ya matso, mai gida ya ce harabar ta alhazai ce, a fitar da mota. Haka na biya motar ɗauka ta kai ta garejin wani aboki, ta dawo da ita bayan Muharram. Kuɗin birki ke nan ya tafi a hanya.

Duk notin da muka kwance, a robar laban muke zubawa, a rubuta sunan wurin a jiki. Na ce wa yaron shi ne marubuci, amma da sharaɗi, da Hausa. Ranar farko ya riƙe alƙalami ya ce, “Abba, mene ne lagireto?” Na nuna masa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Haka muka bi su: salansa, shokozoba, kuloci, sitiyari. Daga sunayen kaya aka koma labarin mai kayan. Na ba shi labarin yadda kakansa ke kara sukundireba a jikin inji ya sa kunne a ƙotar, ya faɗa maka ciwon mota kafin ya kwance ko noti ɗaya. Wata rana na fito na tarar da shi yana gwadawa a motar maƙwabcinmu.

Injin ya tashi a watan azumin 2023, bayan tarawihi. Ya yi tari, ya yi aman hayaƙi ya cika harabar, sannan ya daidaita. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce mu kashe kar mu tashi unguwa, amma na ga ta ɗauki waya tana ɗaukar hoto. Fahas ɗin farko mun faɗi, birkin hannu da fitila ɗaya. Na biyu muka wuce. Ranar da istimara ta koma sunana, dattijon ya shiga ya zauna a gefena, muka zaga ta Aziziyya muka dawo. Bai ce komai ba sai da zai fita: “Yaro, ka riƙe ta da kyau.”

A watan Agustan 2023 na kai ɗana filin jirgin Jidda a cikinta. Akwatunansa a motar maƙwabci suka biyo mu, maganar uwargida ta tabbata. Motar ba fenti, tana nan toka-toka da fentin ƙasa, don kuɗin bai kai nan ba. Na lissafa, duka da kuɗin saye ya ɗan haura riyal 10,000 a wata ashirin. A hanya ya ce, da Hausa, “Abba, kar ka yi mata fenti sai na zo hutu. Ja nake so.”

Shi ya sa kuke ganinta a lulluɓe. Zuwansa hutu sai da biza yanzu, ni kaina igamata shekara-shekara ake sabuntawa, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ranar tafiya tana zuwa, mota kuwa ba ta shiga akwati. Wani abokina ya ce in sayar tun tana da kasuwa. Ban ce masa a'a ba, ban kuma sa ta a Haraj ba. Duk Juma'a ina tayar da ita minti goma don kada batir ya mutu.

Makon jiya yaron ya kira ni daga Ƙofar Ruwa. Wai ya je neman robar gilashin baya, bai samu ba, amma ya yi ciniki da Hausa har wani tsoho ya tambaye shi ɗan gidan wane ne. To in akwai wanda ya san inda za a samu wannan roba, a Jidda ne, a Kano ne, ko a Maraɗi, ya taimaka ya sanar da ni. Wanda kuma Allah Ya kawo Makka, ya biyo ta Shisha, akwai shayi, akwai kujera ɗaya da ba kowa a kai.